Kunne Ya Girmi Kaka: Tarihin Binciken Cikin Kunne da Darasinsa ga Ƙasar Safo

Masu iya magana na cewa kunne ya girmi kaka, domin abin da kakan mutum bai gani da idonsa ba, kunne ya ji labarinsa. A ƙasar Safo, cikin gundumar Madarunfa ta jihar Maraɗi, wannan karin magana gaskiya ce ta yau da kullum. Labarin yadda Katsinawa suka kafa Maraɗi bayan jihadi, da kirarin sarakuna, da tatsuniyar dare, da haddar almajiri a gaban allo, da darasin ɗan makarantar boko a cikin aji, duk ta kunne suke shiga. Amma duk da wannan matsayi, cikin kunne yana daga gaɓoɓin da ɗan Adam ya fi jinkirin sani. An san zuciya da hanta da huhu tun zamanin da, shi kuwa wurin da ji yake faruwa ba a gan shi da kyau ba sai a 1851, kuma ba a fahimci sinadaransa ba sai bayan shekara ɗari. Mafi yawan abin da aka sani daga baya, a kunnen ɓera aka karanto shi. Wannan maƙala za ta bi sawun tarihin, domin a ƙarshensa akwai hukunci guda da ya shafi kowane malami da kowane uba a bakin Gulbin Maraɗi: ƙwayoyin da muke ji da su ƙidayayyu ne, da su aka haife mu, kuma wadda ta mutu ba ta sake tsirowa.

Ɗakin da aka rufe da ƙashi

Dalilin jinkirin a bayyane yake. Kunnen da muke gani a waje mazurari ne kawai. Ƙara tana bi ta cikinsa ta bugi dodon kunne, shi kuma ya motsa wasu ƙananan ƙasusuwa uku da aka yi wa suna da kamanninsu: guduma, da uwar maƙera, da likkafa. Likkafar ce take ƙwanƙwasa ƙofar ɗaki na ciki, wanda ke binne a cikin ƙashin da ya fi kowane tauri a kwanyar kai. A nan ne katantanwar kunne take, wani bututu da ya naɗe sau biyu da rabi da ɗan ɗori kamar gidan dodon koɗi. Girmanta bai wuce ƙwayar wake ba, in kuwa aka warware ta tsawonta kusan milimita 35 ne. Kusa da ita akwai wasu bututu uku masu lanƙwasa da ƴan jakunkuna biyu, waɗanda su ne ke riƙe wa mutum daidaito kada jiri ya kwashe shi.

Malaman Girka, tun daga Aristotal, sun ɗauka iska ce tsarkakakka ke cike da wannan ɗaki tun daga haihuwa, kuma ra'ayin ya zauna kusan shekara dubu biyu. Masu fiɗar gawa na Turai suka fara buɗe ƙofar a ƙarni na 16. Besaliyus ya siffanta guduma da uwar maƙera a littafinsa na 1543, Falopiyo kuma ya yi bayanin katantanwa a 1561. Sai a wajen 1761 wani matashin likita na birnin Nafoli, Domenico Cotugno, ya nuna cewa ruwa ne ke cike da ɗakin, ba iska ba. A 1789 Antonio Scarpa ya ƙara da cewa a cikin wannan ruwa akwai wata jaka mai laushi da ke ɗauke da nata ruwan daban. Ke nan ruwa biyu ne, ɗaya cikin ɗaya, ba sa gauraya. Ba wanda ya san hikimar hakan a lokacin.

Wanda ya fara ganin abin da ke jin ƙarar shi ne Alfonso Corti, ɗan sarautar Italiya da ya yi aiki a birnin Wurzburg na Jamus. Ya fiɗe katantanwa fiye da 200 na dabbobi iri-iri da na mutane, yana rina su da jan rini domin su fito a ƙarƙashin madubin ƙara girma. A 1851 ya wallafa sakamakonsa da Faransanci, inda ya siffanta wani tudu siriri da ya bi tsawon katantanwar, jere da ƙwayoyin halitta kamar shuka a kan kunya. Mahaifinsa ya rasu a shekarar, ya koma gida kula da gado, ya mutu a 1876. Amma har yau da sunansa ake kiran wannan tudu. Waɗanda suka biyo bayansa, musamman Gustaf Retzius na Suwidin a shekarun 1880, suka zana ƙwayoyin dalla-dalla: layi ɗaya na ciki, layi uku na waje, kowace ƙwaya da tuntun gashi a kanta. Ɗan Adam yana da kimanin 3,500 na ciki da 12,000 na waje a kowane kunne. Idan aka tuna cewa ƙwayoyin gani a ido ɗaya sun haura miliyan 100, za a ga yadda jarin kunne yake da ƙaranci.

Saura tambayar yadda kunne ke bambanta sautin sarewa da na tambari. Georg von Békésy, injiniya a ma'aikatar tarho ta ƙasar Hangari, shi ya amsa ta. Ya duba katantanwar gawa yana aika mata da ƙara, ya ga motsi yana tafiya a kan shimfiɗar tudun kamar igiyar ruwa a gulbi. Siririyar ƙara tana tsayawa kusa da ƙofa, kakkaura kuwa sai ta kai can ƙololuwa. Kowane sauti da mazauninsa. Wannan aiki ya sa aka ba shi lambar Nobel a 1961.

Ruwan gishiri da ruwan toka

Sirrin ruwayen nan biyu ya fito a 1954, lokacin da Catherine Smith da abokan aikinta a birnin Sant Luwis na Amurka suka ɗebo ɗigon da bai kai kan allura ba daga kunnen ɓeran Masar suka auna shi. Ruwan waje ya yi kama da sauran ruwayen jiki, watau sinadarin sodiyam ne ya rinjaye shi, wanda muka sani a cikin gishiri da kanwa. Ruwan ciki kuwa ya saɓa wa kowa: sodiyam ɗinsa kaɗan ne ƙwarai, fotasiyam ne ya cika shi, sinadarin da ke cikin ruwan tokar karan gero da mata ke tacewa domin miya. Fotasiyam na ruwan ciki ya ninka na ruwan waje kusan sau 30. Shekara biyu kafin haka Békésy ya auna ƙarfin lantarki a wannan ruwa, ya sami kimanin milibolt 80, kusan kashi ɗaya cikin ashirin na batirin tocila.

Watau kunne yana da batirinsa. Wani zirin nama mai yalwar jijiyoyin jini da ke manne da bangon katantanwa shi ke tura fotasiyam cikin ruwan dare da rana. Idan ƙara ta motsa tudun Corti, gashin ƙwayoyin ya ɗan karkata, ƙananan ƙofofi su buɗe a kan gashin, fotasiyam ya kwarara ciki, ƙwayar ta saki sinadarin da ke zaburar da jijiyar ji, saƙo ya nufi ƙwaƙwalwa. Madubin lantarki, wanda aka fara duba kunne da shi a shekarun 1950, ya nuna gashin a jere yake hawa-hawa kamar matakala. A 1984 James Pickles da abokansa a Ingila suka ga wani zare siriri ƙwarai da ya haɗa kan kowane gajeren gashi da gefen dogon da ke bayansa. Wannan zare ne ke jan ƙofar ta buɗe.

Ƙwayoyin waje kuma nasu aikin daban ne. A 1978 David Kemp a Landan ya sa ƙaramar makirfo a kunnen mutum, ya gano cewa lafiyayyen kunne yana mayar da wata ƴar amsa-kuwwa idan an aika masa da ƙara. A 1985 William Brownell ya nuna dalili: ƙwayoyin waje suna miƙewa suna takurewa da saurin ƙarar kanta, suna ƙara mata ƙarfi kafin ta isa ga na ciki. Su ne lasifikar kunne. Daga binciken Kemp aka ƙera ƴar na'urar da ake auna jin jariri da ita cikin ƴan mintoci yana barci, ba tare da an tambaye shi kome ba.

Ɓera mai rawa

A ƙasar Hausa ɓera ɓarawon rumbu ne, har ma ana cewa in ɓera da sata, daddawa ma da wari. A Sin da Japan kuwa, tun ƙarnoni da suka wuce, akwai masu kiwon ɓeraye domin sha'awa, kuma cikin waɗanda suka fi daraja akwai wani iri mai kewaya wuri ɗaya yana kaɗa kai kamar mai rawa. An kai irin Turai da Amurka a ƙarshen ƙarni na 19. A 1907 Robert Yerkes na jami'ar Harbad ya rubuta littafi guda a kansa, ya tabbatar da cewa manyan ɓerayen ba sa ji. Rawar tasu ba ta nishaɗi ba ce, jiri ne, domin gaɓar daidaito da ta ji a ɗaki ɗaya suke, cuta ɗaya ta same su.

Ya kamata malaman makaranta su san cewa wata ƴar'uwarsu tana da hannu a wannan tarihi. Abbie Lathrop malamar makaranta ce da rashin lafiya ya sa ta bar koyarwa. Wajen 1900 ta buɗe gonar kiwon ƙananan dabbobi a garin Granby na jihar Masacusets, kuma da ɓeraye masu rawa ta fara. Masu bincike suka riƙa sayen dabbobi daga gare ta, daga cikin zuriyar ɓerayenta ne kuma C. C. Little ya fitar da baƙin ɓeran nan C57BL a 1921, wanda har yau ya fi kowane iri yawa a ɗakunan binciken duniya.

Me ya sa ɓera? Katantanwarsa tsarinta ɗaya da tamu: layi ɗaya na ciki, uku na waje, ruwa biyu, batiri ɗaya, sai dai ƙarama ce, kusan milimita 6. Cikinsa kwana 20 ne kacal, saboda haka ana ganin zuriya bayan zuriya cikin shekara guda. Daɗin daɗawa, ana haihuwarsa kurma, sai ya kai kwana 12 yake fara ji, alhali ɗan Adam tun yana cikin uwarsa kunnensa ke buɗewa. Abin da ke faruwa a ɓoye cikin mahaifar mace, ana iya kallonsa a fili a jaririn ɓera, kwana bayan kwana.

A 1929 aka siffanta wani iri mai kaɗa kai da aka sa wa suna shaker-1. A shekarun 1950 Malkiat Deol a Landan ya yanka kunnuwan irin waɗannan ɓeraye falle-falle, ya nuna yadda ƙwayoyinsu masu gashi ke lalacewa. Amma sai a 1995 Karen Steel da Steve Brown da abokan aikinsu a Ingila suka gano ƙwayar gadon da ta sami tangarɗa, wadda ke yin wani furotin mai suna miyosin 7a. A shekarar, ƙungiyar Christine Petit ta Cibiyar Pasteur a Paris ta nuna cewa ƙwayar gadon nan ce ta lalace a wasu yaran da ake haifa kurame, daga baya kuma ganinsu ya riƙa raguwa. Shi kuwa tsohon ɓera mai rawa, asirinsa ya tonu a 2001: furotin ɗin da ya rasa, kadarin 23, daga baya aka tabbatar shi ne rabin sama na zaren nan da Pickles ya gani. Abin da aka yi ta kallo ana dariya a kasuwannin Japan, zare guda ne ya tsinke. Ɓeraye masu fararen tabo kuma suka warware wata tsohuwar tambaya da Darwin ya ambata a 1859, ta yadda fararen kyanwoyi masu shuɗin ido sukan zama kurame. Ƙwayoyin da ke ba fata launi suna cikin zirin naman da ke cajin batirin kunne, in babu su batirin ba ya ɗaukar wuta.

Yau an san ƙwayoyin gado fiye da 100 da tangarɗarsu ke kawo kurumta, kuma da yawa sai yaro ya gaji tangarɗar daga uwa da uba duka sa'an nan take bayyana. Shi ya sa aka fi gano su a dangogin da auren zumunta ya yi yawa, a Tunisiya da Labanan da Pakistan. A Afirka ta Yamma misalin da ya shahara shi ne ƙauyen Adamorobe na ƙasar Gana, inda kurame suka yi yawa har garin ya sami nasa harshen hannu. A 1998 aka gano tangarɗarsu a furotin konneksin 26, wanda ke haɗa ƙwayoyin da ke tallafe da tudun Corti.

Darasi mafi nauyi ya fito daga kwatanta ɓera da kaza. A 1988 ƙungiyoyin bincike biyu a Amurka suka nuna cewa idan ƙara mai tsanani ta kashe ƙwayoyi masu gashi a kunnen tsuntsu, sababbi suna fitowa cikin ƴan makonni. A babban ɓera ba sa fitowa, haka ma a ɗan Adam. Kazar da ke tsakar gida tana da baiwar da mai gidan ba shi da ita.

Sanƙarau da kunnen ƙashi

Daga nan labarin ya iso gida. A ƙasashenmu, abin da ya fi kashe waɗannan ƙwayoyi a yara ba gado ba ne, cututtuka ne, kuma sanƙarau na gaba-gaba. An rubuta labarin babbar annobarsa a Arewacin Najeriya tun 1905. A 1963 likitan sojan Faransa Léon Lapeyssonnie ya zana zirin ƙasashen da cutar ke addaba, wanda a yau ake lissafawa daga Sanagal zuwa Habasha, kuma Maraɗi da Katsina da Damagaram da Kano suna tsakiyarsa. Manomin Safo ya san lokacinta ba sai an faɗa masa ba: tana tasowa da ƙurar hunturu, ta yi tsanani a zafin bazara, ta kwanta da saukar ruwan farko. Busasshiyar iska da ƙura suna raunana fatar cikin hanci da maƙogwaro, ƙwayar cutar ta sami hanyar shiga jini, ta kai ga rigar ƙwaƙwalwa.

A 1995 mutum fiye da 25,000 suka kamu a Nijar. A 1996 Najeriya ta lissafa mutum 109,580 da suka kamu, 11,717 suka mutu. A faɗin Afirka, annobar 1996 zuwa 1997 ta kama mutum fiye da 250,000, ta kashe kimanin 25,000. Ana ƙidaya matattu a rufe littafi, amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum ɗaya cikin biyar da suka tsira daga sanƙarau na ƙwayar bakteriya yana fita da wata illa mai ɗorewa, kuma rashin ji na cikin waɗanda suka fi yawa. Yaran da suka kurumce a wancan lokaci yanzu magidanta ne da matan aure a garuruwanmu.

Gwaji a kan zomo da ɓeran Masar da ɓera ya nuna hanyar da ɓarnar ke bi. Akwai wata ƴar magudana da ta haɗa ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa da ruwan waje na katantanwa. Ta nan ƙwayoyin cutar ke sulalewa tun a kwanakin farko na ciwon. Dafinsu da kumburin da jiki ke tayarwa domin yaƙarsu suna kashe ƙwayoyi masu gashi da jijiyar ji, su lalata zirin da ke cajin batiri. Bayan ƴan makonni ko watanni, a wasu yaran, tabon da ya rage yakan daskare ya zama ƙashi ya toshe bututun. Idan yaro ba ya jin magana Bahaushe yakan ce yana da kunnen ƙashi, yana nufin taurin kai. Akwai yaran da wannan kalma ta zama siffar cikin kunnensu ta zahiri, ana dukansu a kan laifin da ba nasu ba.

Magani ma yana iya zama dafi. An gano allurar sitireftomaisin a 1943, kuma tun a 1945 likitocin da suka fara yi wa masu tarin fuka ita suka lura tana kawo jiri da rashin ji. Ƴan'uwanta kanamaisin da jantamaisin ma haka suke. A 2005 bincike a kan ƙwayoyin kunnen ɓera ya nuna cewa maganin yana shiga ne ta ƙofofin nan na kan gashi da aka yi domin fotasiyam, ya taru a ciki ya kashe ƙwayar. Yana farawa da na bakin katantanwa, masu jin siririyar ƙara. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye kanamaisin daga jerin magungunan da take ba da shawara ga tarin fuka mai gardama. Jantamaisin kuwa har yau tana ceton jarirai idan ma'aikacin lafiya ya auna ta da nauyin yaro da adadin kwanaki. Haɗarin yana ga allurar da ake saye a tebur ranar kasuwa, a yi ta ba awo. Haka nan ƙara: wanda ya wuni shekara da shekaru a gindin injin niƙa ko janareta ko lasifikar biki, in ƙarar ta haura desibel 85 na tsawon awa takwas a rana, yana ƙone ƙwayoyinsa kaɗan-kaɗan. Ƙyanda, da ƙarancin aidin a jikin mai ciki, da ruwan kunne da aka bari ya daɗe, kowanne da nasa rabo.

Malami zai iya gane irin wannan rauni da harshen Hausa kansa. Karin sauti da wasula suna tafiya a kakkaurar ƙara, baƙaƙe irin s da sh da ts da f kuwa a siririya. Yaron da bakin katantanwarsa ya lalace yana jin muryar malam sarai, yana waiwayowa in an kira shi, amma sara da shara da tsara duk ɗaya suke a kunnensa. Shifta ce ke fara tona shi, sai a ce daƙiƙi ne.

Abin da ake iya gyarawa da abin da ba a iyawa

Binciken ɓera ya kai ga magani na gaske, amma ya kamata a san iyakarsa. A 1999 ƙungiyar Petit ta gano ƙwayar gadon furotin otofalin a wani dangi na Labanan. A 2006 suka samar da ɓeran da ba shi da ita, suka ga ƙwayoyinsa masu gashi lafiya lau suke, saƙon ne kawai ba ya tsallakawa zuwa jijiya. A 2019 aka ɗora lafiyayyar ƙwayar gadon a kan wata ƙwayar bairos marar cutarwa aka zuba a kunnen ɓeran, ya fara ji. A watan Janairu na 2024 likitocin jami'ar Fudan a birnin Shanghai suka ba da rahoton yara shida da aka yi wa haka, biyar suka sami ji. Wannan babban abu ne a tarihin likitanci. Sai dai ya yi aiki ne domin ƙwayoyin suna nan da ransu. Yaron da sanƙarau ya ƙone masa tudun Corti ba shi da inda za a zuba maganin. Na'urar da ake dasawa a katantanwa, wadda tarihinta ya faro daga wani gwaji a Paris a 1957, tana iya tsallake matattun ƙwayoyi ta zaburar da jijiya kai tsaye, amma tsadarta ta fi ƙarfin talaka nesa ba kusa ba, kuma in ƙashi ya riga ya toshe bututun, zura ta yakan yi wuya.

Abin da ya ceci kunnuwa mafi yawa a Sahel allurar rigakafi ce. A watan Disamba na 2010 aka ƙaddamar da MenAfriVac a Burkina Faso da Mali da Nijar, ga masu shekara 1 zuwa 29, a kan kuɗin da bai kai rabin dalar Amurka ba kowace allura. Nau'in A na cutar, wanda ya haddasa manyan annobobin da, ya kusan ɓacewa a inda aka yi ta. Amma sanƙarau dangi ne: a 2015 nau'in C ya kama kimanin mutum 8,500 a Nijar, ya kashe 573. A 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta yi amfani da sabuwar allura mai kare nau'i biyar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi 60 cikin 100 na rashin jin yara ana iya kauce masa. Magabata sun riga sun faɗa: rigakafi ya fi magani.

Maganar hannu

Wanda ya riga ya rasa ji fa? Kunnensa ne ya mutu, harshe kuwa a ƙwaƙwalwa yake zaune. Kalmar bebe da muke jifan kurma da ita tana ɓoye wannan gaskiya: yaron da ya kurumce kafin ya iya magana maƙoshinsa lafiya yake, abin kwaikwayo ne ya rasa. Turai ta yi kuskure mai tsada a nan, domin taron malaman kurame na Milan a 1880 ya kori harshen hannu daga aji, ba a janye hukuncin a hukumance ba sai a taron Bankuba na 2010. Ƙasar Hausa ba ta yi irin wannan haramci ba. Kurame suna da maganar hannu da suka gada daga juna a kasuwa da dandali, masu ji da yawa suna taɓa ta ba kunya, a Kano kuma har da sarautar Sarkin Bebaye. Masaniyar harshe Constanze Schmaling ta zauna da kuramen Kano a shekarun 1990, ta wallafa littafi a 2000 da ya nuna maganar hannu harshe ce mai ƙa'idojinta.

Makarantun kurame na zamani a yankinmu sun samo tushe daga Andrew Foster, baƙar fatar Amurka wanda shi kansa sanƙarau ne ya kurumtar da shi yana ɗan shekara 11. Ya buɗe makaranta a Akara a 1957, da wata a Ibadan a 1960, ya horar da malamai daga ƙasashe masu amfani da Faransanci, kafin ya rasu a haɗarin jirgin sama a Ruwanda a 1987. Kano ta buɗe makarantar Tudun Maliki a 1977, a Nijar kuma akwai makarantun kurame a Yamai da Maraɗi da Damagaram. Harshen hannun da ake koyarwa a irin waɗannan makarantu tushensa na Amurka ne, saboda haka maganar hannun gargajiya tana cikin halin da Hausa ta taɓa shiga a gaban Faransanci: ana yin ta a gida, ba ta da kujera a aji. Tattara alamominta a ƙauyukan Safo da Gabi da Ɗan Isa da Sarkin Yamma, kafin tsofaffin da suka iya ta su ƙare, aiki ne da ya dace da ƙungiyoyin raya al'adu kamar yadda tattara karin magana da waƙoƙin daka ya dace da su.

Abin da ya rage ga malami ba ya bukatar na'ura. Yaron da ya dawo aji bayan zazzaɓi mai sanƙarar da wuya, a tsaya bayansa a kira kalmomi a hankali a ga ko zai maimaita, in an ga alama a gaggauta kai shi asibiti tun ƙashi bai rufe hanya ba. Mai raunin ji a zaunar da shi a gaba, a fuskance shi in ana magana, a rubuta abin da aka faɗa a allo. A tunatar da iyaye ranar rigakafi, a gargaɗe su da allurar tebur. Daga madubin Corti zuwa asibitin Shanghai an shafe shekara fiye da 170 ana bincike, kuma har yanzu ba a sami hanyar mayar wa ɗan Adam ƙwaya ɗaya mai gashi da ta mutu ba. Hausawa na cewa in kunne ya ji, jiki ya tsira. Wajibi ne jiki ma ya tashi ya tsirar da kunne, tun yaro yana goye.